Kafar da Usta Milad Ya Bari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci zafi da sanyi, Ya shimfiɗa iska kyauta ga kowane mai numfashi, Yake kuma tsare bayinSa daga abin da hannayensu suka jawo musu bisa rashin sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da masu bin tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, tun da muka dawo daga Masar abokan zama na ƙofar gida da masu ɗaukar karatu a zaure ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce in ba shi labarin kogin Nilu, wancan ya ce dalar Fir'auna yake son ji, wani kuma tambayarsa ita ce malamai nawa na zauna gabansu. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sai dai ina neman afuwa tun yanzu, domin dalar nan daga tagar mota na hango ta, kuma mafi yawan kwanakina a Alƙahira a cikin gida ɗaya na yi su, ina faɗa da iska.

Dalilin tafiyar shi ne autarmu Asma'u, wadda take aure a can. Mijinta, Malam Sadisu, yana karatun fiƙihu a jami'ar addini ta birnin. Allah Ya sauke ta a tsakiyar sanyin bara, tun cikin bai cika wata takwas ba, aka sa jaririyar a kwalba kwana goma sha biyu. Mahaifiyar Asma'u, Hajiya Binta, ta ce ba za a yi jegon 'yarta na fari a hannun baƙi ba. Ni kuwa na bi ta a matsayin muharrami.

Mun bar Haɗeja bayan sallar asuba zuwa Kano. Tun a gida muka fara saɓani a kan kaya. Hajiya ta haɗa gero da kanwa ungurnu da daddawa da kuka da yajin jego da busasshen ganyen wanka, duk ban ce komai ba. Sai na ga tana naɗe wani tsohon kaskon wuta na yumɓu a cikin zane biyu.

Na ce, "Hajiya, ƙasar da aka yi dubban shekaru ana gina tukwane, ita za ki kai wa kasko?"

Ta ce, "Malam, nasu bai san ni ba. Da wannan na yi jegon 'ya'yanka bakwai, wanne ne ya yi mura?"

A filin jirgi aka ce kaya sun yi nauyi, sai a rage. Na ciro bargona da rigar sanyina na ba direban da ya kawo mu ya koma da su, kasko ya zauna. A zatona ƙasar sahara za mu, ban ga abin da bargo zai yi mini ba.

Washegari da hantsi muka sauka a Alƙahira. An duba fasfo, an duba katin allurar shawara, ba a yi mana wata gardama ba sai a wajen masu binciken kaya. Jami'in ya ɗago dunƙulen kanwa, ya juya shi, ya shinshina, ya dube ni. Na gyara tsayuwa na yi masa bayani da Larabcin da na sha wahalar koya shekara hamsin, ban sarayar da wasali ko ɗaya ba. Ya saki baki yana kallona. Da na gama sai ya kira abokin aikinsa ya ce, "Zo ka ji, huɗuba ake yi a nan. Allah, Allah, ya Maulana, ƙara mana!" Suka yi dariya, ni ma na yi. Ya lasa kanwar, ya yamutsa fuska, ya mayar. Kaskon kuwa ƙwanƙwasa shi ya yi da yatsa, ya tambaya ko na dafa nama ne, ya ce, "Khalas, yalla, ku wuce."

Malam Sadisu yana jira a waje. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu a tsakiyar jama'a, Misirawa suna ratse shi suna waiwaye. Ya miƙo mini wata rigar sanyi mai kumburi irin ta matasa. Na ce masa ban saba ɗora komai a kan babbar riga ba. Ba mu yi taku ashirin daga ƙofa ba na miƙa hannu ba tare da na dube shi ba, shi ma ya ɗora mini ita ba tare da ya dube ni ba.

Gidan yana cikin wani tsohon bene a bayan kasuwar Ataba, hawa na biyar. Akwai na'urar hawa ta katako da ƙarfe, amma an ce ta daina aiki tun kafin a haifi Sadisu. Ya kama gidan ne da bazara, lokacin da ya bar ɗakin da suke haɗaka da 'yan'uwansa ɗalibai a unguwar Madinat Nasr. Dillali ya yi ta yabon gidan da cewa bahari ne, wato yana fuskantar arewa inda iskar teku take shigowa, kuma da zafi wannan babbar ni'ima ce. Rufin ɗaki ya kai tsayin mutum biyu da rabi. Tagogi sun fi mutum tsawo, kowace tana da gilashi daga ciki da murfin katako mai tsaga-tsaga daga waje, wanda suke kira shish. Daɓen kuwa na tayil ne, in ka taka shi da alwala sai ka ji har cikin haƙori. Mutanen da suka gina waɗannan gidaje zafi suke tsoro, sun yi dukkan dabararsu don iska ta shigo, kuma dabarar tasu tana aiki har yau. A gida mun saba in sanyi ya tsananta a shiga ɗaki. A nan na ga mutane suna fitowa titi su ji ɗumi.

A ɗakin bahari ɗin na samu Asma'u cikin mayafi uku. Ta buɗe mini jaririyar. Tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba, tana numfashi da sauri, can ba jimawa ta yi wani ɗan tari da ya girgiza dukkan jikinta. An mayar mini da sunan mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, don haka Ummi muke ce mata.

Asma'u ta ce, "Baba, likita ta ce in sanyi ya sake kama ƙirjinta komawa asibiti za a yi, kuma ta ce ƙirjin ba zai jure sau biyu ba."

Na sa hannu kusa da taga, na ji iska tana busowa kamar da mafici. Daga wannan lokaci ban da wata buƙata a Masar sai in ga ɗakin nan ya yi ɗumi.

Kafin in ci gaba, bari in biya wa masu tambayar abinci da zaman gari. Da safe wake ne da ake kira ful, an dafa shi har ya narke, ana ci da gurasa mai dusa wadda masu kekuna suke ɗaukowa a kan faffaɗan katako bisa kai, suna ratsa motoci. Akwai koshari, wanda Hajiya ta ce shinkafa da taliya da wake ne suka yi rigima aka rasa mai raba su, amma da ta zuba yajinta ta cinye kwano. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne miyar adas, wani irin ƙaramin wake, da zafinta da lemon tsami. Mata ba sa sauka sayayya daga hawa na biyar. Kwando suke zurawa da igiya daga baranda, mai shago ya zuba musu, su janye. Mai sayar da tukunyar gas kuwa ba ya kira da baki, ƙarfe yake bugawa a jikin tukunya, ranar farko na ɗauka gobara ake shela. Zaman surukuta ma ya sha wuya, domin ɗaki biyu ne da falo. Ni da Sadisu muka yi ta kauce wa juna a ƙofar banɗaki kwana biyu, sannan ya kwashe shimfiɗarsa ya koma kwana wajen abokansa a Madinat Nasr, yana zuwa kullum bayan darasi.

Da farko da kaina na fara gyaran. Na cusa jarida da tsummoki a duk tsagar da na gani. Kafin azahar iska ta tofo su. Akwai wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai jan ƙarfe biyu, amma wayoyin gidan sun tsufa, da an kunna ta tare da tukunyar ruwan wankan jego sai wuta ta ɗauke.

A rana ta uku aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata dattijuwa ce mai ƙiba cikin baƙar riga, ɗauke da tukunya. Asma'u ta ce maƙwabciyarsu ce ta hawa na huɗu, Ummu Mina, kuma tun ranar da aka dawo daga asibiti takan hawo a kai a kai. Abin da ke cikin tukunyar wani kunu ne mai kauri da man shanu da riɗi da gyaɗa, sunansa mugat, shi ake ba mai jego a can. Hajiya ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai, ta zuba mata kunun kanwa. Suka zauna kowace tana shan na 'yar'uwarta, ba mai jin harshen wata, suna ta hira da hannu. Da Ummu Mina ta ga jaridun da na cusa, sai ta tafa hannu, ta leƙa tagar matakala ta ƙwala kira: "Ya Milad!"

Mijinta ne, Usta Milad, kafinta mai shago a ƙasan benen; Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a can. Siriri ne, ya kai shekaruna, da fensir a bayan kunne. Da ya miƙo hannu muka gaisa na ga ƙaramin gicciye da aka zana a wuyan hannunsa, na gane Kirista ne daga Ƙibɗawan ƙasar. Ya dubi aikina ya ce da irin lafazinsu na kiran Alhaji, "Ya Hagg, wa ya yi maka wannan? Faɗa mini in kai shi ƙara."

Na ce ni ne.

Ya ce, "To ma'alish, ba komai, kai ka riƙe karatu, ni in riƙe katako. Watan Tuba muke ciki, uban sanyi a lissafinmu, ba a yi masa wasa da jarida."

Ya kunna kyandir ya bi gefen kowace taga da shi, duk inda harshen wutar ya kwanta sai ya yi alama da fensir. Na ce masa ni ma ina da tawa dabarar: in na yi alwala ban goge hannu ba, ina jin iskar da kyandir bai gani ba. Ya gwada ni a ƙofar baranda, na nuna masa wuri biyu da ya tsallake. Ya ce, "Tamam! Na ɗauke ka aiki, amma ba albashi." Da ya gama zagaye sai ya yanke hukunci. Ya ce gidan duka ba zai ɗumamu ba ko da za a ƙona itacen shagonsa gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya za a zaɓa a tsare shi, kuma ba wannan ba, wancan na kudu da rana take shiga daga hantsi zuwa la'asar. Shi ne ɗakin da Sadisu ya cika da littattafai. Usta Milad ya ce, "Littattafai suna shan rana, jaririya tana shan iska. Wane malami ne ya ba da wannan fatawa?" Sadisu ya sunkuyar da kai, muka kwashe littattafai zuwa falo.

Washegari Usta Milad ya kai ni kasuwar Ataba. Ban taɓa ganin cinkoso irin wannan ba sai a Mina lokacin jifa. Da muka zo tsallaka titi na tsaya jiran motoci su tsagaita. Ya ce in haka ne a nan zan yi azumi, ya kama hannuna kamar yaro ya ratsa da ni, ina ta salati. Muka sayo ma'ajun, wato wani danƙo mai kama da tuwo da ake liƙe gefen gilashi da shi, da zaren soso mai manne a bayansa, da leda mai kauri, da darduma biyu na ulu, da auduga. A kowane shago sai an ba mu shayi kafin a yi maganar kaya.

Kwana biyu muka yi muna aiki. Ya kankare tsohon danƙon da ya bushe ya zube, ya sa sabo a kowane gilashi. Ya cire wata ƙafar taga da ta ruɓe ya sassaƙa wata. Ni nake manna soso a bakin tagogi da ƙofa, shi yana bina yana gyara inda na karkace. Muka ja leda a kan taga daga ciki, muka kafe ta da siraran katako, ta yadda iska za ta tsaya tsakaninta da gilashi. Muka shimfiɗa kwalaye a kan tayil, darduma a kansu. Ummu Mina da Hajiya suka ɗinka wata doguwar jaka suka cika ta da yashi, a riƙa tare ƙasan ƙofa da ita, suka kuma rataya bargo mai auduga a matsayin labule. Da aka dawo da Asma'u da Ummi ɗakin, Usta Milad ya koya mana ƙa'ida: da hantsi a buɗe shish rana ta shigo, kafin magariba a rufe shi a saki labule.

A can sama da babbar tagar akwai wata 'yar taga, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Na ga ya tattara kayansa bai taɓa ta ba, ya ma bar ta a buɗe kamar yatsa biyu. Na nuna masa.

Ya ce, "Wannan a bar ta. Ɗaki ma yana numfashi, ya Hagg. Kada kowa ya taɓa ta."

Ina rubuta abin da ya zo a zuciyata a lokacin, ko da yake ina jin kunyarsa. Na ɗauka gajiya ce, tsaninsa bai kai ba, ya lulluɓe kasala da magana mai daɗi. Da safe na yi alwala na ɗaga hannu, na ji siririyar iska tana saukowa daidai kan gadon Ummi. Na jawo tebur, na ɗora kujera, na hau da shekaruna saba'in da ɗoriya, na ja 'yar tagar na rufe, na cusa tsohon rawanina a kewayenta har ba sauran kafa. Na sauko ina jin na kammala abin da gwani ya bari.

Kwana biyu bayan haka aka wayi gari da ruwan sama, wutar lantarki ta ɗauke a unguwar duka. Rana ba ta fito ba, ɗakin ya fara hucewa, Ummi ta yi tari sau biyu. Hajiya ta kwance kaskonta ta ce, "Malam, yau ranarsa ce." Ni na sauka da kaina na sayo gawayi wurin mai gasa dankali a bakin layi. Ni na hura shi a baranda, na jira har hayaƙi ya ƙare sarai ya zama jan garwashi, domin a saninmu hayaƙi shi ne abin gudu. Bayan azahar na kai shi ɗakin, na ajiye a tsakiya, na fito na ja ƙofa, na tura jakar yashi da ƙafata. Na zauna a falo na buɗe littafi, raina fari.

Ban san ko sa'a ɗaya aka yi ba, sai ga Ummu Mina da tukunyar mugat. Idonta ya faɗa kan ragowar gawayi a bakin baranda. Ta dube ni, ta dubi rufaffiyar ƙofa, ta saki tukunyar a ƙasa. Ta banke ƙofar tana kururuwar sunan mijinta. Na bi ta a baya. Ɗakin ya yi ɗumi mai daɗi, babu hayaƙi ko kaɗan. Hajiya ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zauna, ta dafe kai, sai amai. Asma'u ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Baba, kaina." Ummu Mina ta sure Ummi ta fita da ita baranda cikin ruwan sama, tana bubbuga bayanta. Yarinyar ta yi laƙwas, ba ta yi kuka ba.

Usta Milad ya hawo bene biyar da gudu. Ya fizge ledar da muka yi yini muna kafewa, ya buɗe tagar har ƙarshe, ya ɗauki kaskon da hannun rigarsa ya fitar. Sannan ya ɗaga kai sama, ya ga rawanina. Ya dube ni. Ya ce, "Yalla, asibiti."

Yadda muka sauko da mata biyu da ba sa iya tsayuwa, maƙwabta ne suka sani, domin ƙofofi suka yi ta buɗewa a kowane hawa, wasu matasa suka ɗauki Hajiya a kan kujera. A mota Ummi tana hannun Ummu Mina, ni ina gaba, babu addu'ar da na sani da ban karanta ba, matar nan ita ma tana tata a baya. A asibiti aka sa wa su ukun abin shaƙar iska. Na tsaya a bayan gilashi ina kallon ƙirjin da bai kai tafin hannuna ba. Ana kiran la'asar a wani masallaci na kusa lokacin da Ummi ta motsa ƙafa, ta buɗe baki, ta tsala kuka. Na zauna a kan tayil. Likitar ta ce garwashi yana fitar da wata guba da ba ta da launi ba ta da wari, ko da babu hayaƙi, kuma da an ƙara rabin sa'a da sai dai a yi mana ta'aziyya.

Sadisu ya iso a gigice. Hajiya ta riga ni, ta cire abin shaƙar ta ce ita ta ɗauko kasko tun daga Haɗeja. Na ce mata ta yi shiru. A al'adarmu suruki ba ya tsayawa gaban mijin 'yarsa yana ba da haƙuri, amma na tsaya. Na ce, "Malam Sadisu, gwani ya bar kafa ya ce kada a taɓa, ni na hau na toshe ta. Ni na hura wutar, ni na ja ƙofa. Na kusa kashe maka iyali. Ka yafe mini."

Ya durƙusa a tsakiyar asibitin yana hawaye ya ce, "Baba, don Allah ka daina. Ni na ajiye su a ɗakin iska wata biyu ban nemi kowa ba."

Usta Milad yana zaune a benci a waje, tafin hannunsa ya tashi saboda zafin kasko. Na zauna kusa da shi na gaya masa irin zaton da na yi masa. Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya ce yana da ƙane a ƙauyensu na kudancin ƙasar, wanda ya kwanta da garwashi a ɗakin da ya liƙe da hannunsa, a wani watan Tuba, shekara talatin da suka wuce, ba a tashe shi ba. Tun daga ranar bai taɓa liƙe ɗaki bai bar kafa ba. Ya ce, "Laifina ne ni ma, ya Hagg. Na ce maka kada ka taɓa, ban gaya maka dalili ba. Na ga kai malami ne, na ji nauyin in yi maka darasi."

Na yi shekaru ina karantar da babin da aka yi hani a bar wuta a ɗaki lokacin barci, ina kawo maganganun malamai a kansa, kuma kullum gobara kaɗai nake hangowa. Kaskon Hajiya bai taɓa cutar da kowa a Haɗeja ba domin ɗakunanmu na da ba su taɓa rufuwa ruf ba, akwai asabari a ƙofa, akwai kafa a ƙarƙashin rufi. Mun ɗauko rabin al'adar muka bar rabin a gida.

Kwana biyu aka riƙe su, aka sallame su lafiya. Kafin su dawo Usta Milad ya mayar da ledar da hannu ɗaya a naɗe, ni ina riƙe masa ƙusa. Ya sa ni na hau tsaninsa na ciro rawanin da kaina, yana riƙe da ƙafar tsanin yana cewa, "A hankali, ma'aikacina, ba ni da wani." Gadon Ummi kawai muka matsar daga ƙarƙashin kafar, abin da ya kamata in yi tun farko. Ya kawo wani abokinsa ya sake wayar ɗakin, Ummu Mina ta hawo da tata na'urar ɗumama ɗaki, irin mai mai a ciki wadda ba ta da harshen wuta, ta rantse ita zafi ne yake damunta. Mun san ba haka ba ne, domin mun gan ta da riguna uku. Ta kuma koya wa Asma'u sa gorar roba ta ruwan ɗumi a shimfiɗa kafin a kwantar da yarinya, a cire in za a kwantar da ita. Hajiya ta ci gaba da wankan jego da kunun kanwa, ta ce arba'in ɗinta daga ranar da ta sauka take ƙirgawa, ba wanda ya yi mata musu.

Tarin ya tafi a mako na uku. Kafin mu taso Ummi ta yi kumatu, tana kama gemuna ta ƙi saki. Na samu na halarci zaman karatu sau huɗu a tsohon masallacin da Sadisu yake zuwa, na kuma tsaya a kan gada na ga Nilu, ga masu tambaya: yana da faɗi, kuma akwai sanyi.

Ranar tafiya na ba Usta Milad sabuwar hulata ta zanna, ya kafa ta a karkace, Ummu Mina ta ce ya zama ango. Shi kuma ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin jarida. Kujerar ɗora littafi ce, ya sassaƙa ta daga lafiyayyen ɓangaren ƙafar tagar da ya cire. Ya ce, "Ka ce wa ɗalibanka kafinta ya gaishe su." Hajiya kuwa ta ɗauki kaskonta ta sa a hannun Ummu Mina. Asma'u ta aiko mana da hotonsa kwanan baya: yana barandar hawa na huɗu, an cika shi da ƙasa, na'ana'a ta tsiro a ciki.

Yanzu a kan kujerar nan nake ɗora littafi a zaure. Waɗanda suka yi mamakin abin da ya sa bana na hana a saki labulen zaure har ƙasa in an shigo da kasko, na kuma sa aka fasa kafa a sabon ɗakin siminti na jikokina, ga dalili sun ji. Gidajenmu na yanzu masu tagar gilashi da silin sun fi kama da ɗakin da na liƙe a Alƙahira fiye da ɗakunan da aka haife mu a ciki. Wanda ya karanta wannan ya tashi ya duba ɗakin da iyalinsa suke kwana.

Ina roƙon Allah Ya saka wa maƙwabtan nan biyu da mafificin alheri, Ya shiryar da mu da su zuwa abin da Yake so, Ya raya Ummi bisa tafarkin wadda aka sa mata sunanta. Mai karatu kuma, Allah Ya tsare ka da iyalinka daga sharrin sanyi da sharrin wuta, na bayyane da na ɓoye, Ya haɗa ka da maƙwabcin da zai hawo bene dominka, Ya sa albarka a gidanka da zuriyarka. Amin.